Idon Inna da Ruwan Gidan Mutane

Shekarar da aka sa ni cikin masu rubuta saƙonnin cin abinci da motsa jiki a jaharmu, ita ce shekarar da Inna ta fara gani dishi-dishi. Tare abubuwan biyu suka zo mini, har yau in na tuna ɗaya sai ɗayan ya biyo shi da gajiyarsa.

Aikina a biro, wato ofis, ba shi da nauyi a ido. Takardu kan zo mana daga babban birni da Faransanci, cike da shawarwari: a rage gishiri, a rage sukari, a rage mai, a riƙa tafiyar ƙafa. Ni kuma in zauna kusa da tagar nan da ba ta rufuwa, in mayar da su Hausar da za a karanta a rediyo, ko a faɗa wa mata a rumfar asibiti ranar awon jarirai. Shef, shugaban biron namu, shi ya zaɓe ni, don ya ji tun ina lakkwal, wato makaranta, nake rubuce-rubuce, ya ce kalmomina ba sa tsorata mutane. Da farko na so aikin ƙwarai. Nakan yini a kan jimla ɗaya, in cire wannan kalma in sa waccan, ina raya wa kaina cewa in na same ta daidai, wata mata a wani gari za ta ajiye cokalin sukari saboda ni.

Sau ɗaya aka kai mu ƙauyen Gaffati mu gwada saƙonnin a kan mutane kafin a ɗauke su a faifai. Na tsaya a inuwar itacen bedi gaban matan da dawowarsu ke nan daga rijiya, na karanta musu cewa ya kamata kowa ya motsa jikinsa rabin awa a rana. Wata tsohuwa ta miƙo mini tafin hannunta ta ce in taɓa. Kamar ƙasan tukunya yake. Ta tambaye ni, cikin ladabi sosai, ko motsin nan kafin daka ake yin sa ko sai an dawo daga gona. Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Da muka dawo na rubuta a rahotona cewa wannan saƙo na mutanen gari ne, masu hawa kabu-kabu, babur ɗin haya, su je bakin titi.

Gidanmu yana cikin Birni, tsohuwar unguwar garin, a wani lungu da duwatsu suka matse shi har ya lanƙwashe. Kakanninmu daga Barno suka zo. Baba ya daɗe da rasuwa, yayyena maza duk aiki ya kai su wasu garuruwa, ni ce auta, ni da Inna muka rage. A unguwarmu an san ta da abu biyu: turaren wuta, da hannun girki. Ba a ɗora tukunyar biki ko ta suna sai an aiko mata, ta je ta zauna a kujerar tsugune tana ba da umarni, ta ɗanɗana miya a tafin hannu ta ce a ƙara kaza.

Ƙishirwa ce ta fara damunta, sai rama, sai wata rana ta miƙo mini allura da zare ba tare da ta ce komai ba. Na zura mata. Washegari ta sake miƙowa. A sati na uku na kai ta asibiti.

Lokotoron mutum ne mai magana a hankali. Ya ce ciwon sukari ne, kuma ya daɗe a jikinta ba a sani ba, har ya fara taɓa jijiyoyin ido. In an sauke sukarin, abin da ya rage mata na gani yana iya tsayawa. In ba a sauke ba, zai ci gaba da tafiya, kuma wanda ya tafi ba ya dawowa. Ya rubuta magani, sannan ya lissafa mata abubuwan da ni kaina na yi wata da watanni ina rubutawa: a rage zaƙi, a rage mai, a yi tafiya. Na ji kalmomina a bakin wani, suka yi mini sanyi kamar ba nawa ba.

A cikin adaidaita muna komawa gida, ta riƙe mini hannu.

"Auta, wannan magana ta tsaya tsakanina da ke da Allah."

Na ce ai ciwo ba abin kunya ba ne, kullum haka muke faɗa wa mutane.

"Ni ban ce kunya ba. Na ga yadda aka yi wa matar ladan. Daga ranar da aka ji, ba wanda ya ƙara ba ta labarin komai, sai ya jiki, ya jiki. Har ta koma ga Allah ba ta ƙara jin tsegumi ko ɗaya ba. Ni ba za a binne ni da raina ba."

Na yi mata alkawari. A lokacin ban ga wahalarsa ba.

Madafa na fara kamawa. Na rage mai har miyarmu ta koma fara-fara, na kawo zogale da rama da yakuwa, na mayar da mu tuwon dawa, na ɓoye gwangwanin sukari a bayan littattafaina. Inna ta sa mini suna madam lokotoro. Takan ɗaga ludayi ta dubi miyar, ta ce ko a gidan makoki ba ta taɓa ganin miya mai baƙin ciki irin wannan ba. Amma tana ci.

Matsalar farko ta fito ne ta kan katanga. Maƙwabciyarmu, wadda duk muke kira Hajiya, ƙawar Inna ce tun suna amare, kuma ciyayya ke tsakaninsu: kullum da rana kwanon Inna ya haye gajeriyar katangar da ta raba mu, na Hajiya ya hayo. Ba a taɓa fashi ba sai ranar rasuwa. Inna ta ce ba za ta miƙa wa Hajiya miyar asibiti ba, don haka ta koma ɗora ƙaramar tukunya ta daban, ja wur da mai, don kwano ɗaya tak. Wannan na ƙyale. Amma kwanon da ke hayowa fa, shinkafa ce da taliya da miya mai ninƙaya a mai, kuma da la'asar sai Hajiya ta leƙo ta tambaya yaya aka ji gishiri. Sai muka yi yarjejeniya: ni zan riƙa cin kwanon Hajiya in ba Inna labari. In ce yau yaji ya ɗan fi ƙarfi, ko naman bai yi laushi ba, ita kuma ta je bakin katanga ta maimaita kamar harshenta ne ya ji. Haka muka yi ta yi, Hajiya ba ta gane ba, ni kuwa zannuwana suka fara matse ni.

Tafiyar ce ta gagara. Ranar farko bayan la'asar na fitar da ita, daga ƙofar gida zuwa babban dutsen ƙarshen lungu, mu dawo. Kafin mu kai dutsen mutum huɗu sun tambaya ko lafiya, ina za a je, wa ya rasu. Inna ta ce wa kowa lafiya lau, ta rasa abin da za ta ƙara, domin a wurinmu dattijuwa ba ta fita sai da dalili, kuma dalilin yana da ƙofar gida. Rana ta biyu telan unguwa ya tsayar da babur ɗinsa ya rantse sai ya kai ta duk inda za ta. Rana ta uku babban yayana ya kira ni daga inda yake aiki, ransa a ɓace, wai an ce masa ana ganin Inna tana yawo a ƙasa kamar marar kowa. Da ta ji, ta tura takalmanta ƙarƙashin gado ta ce an gama.

Kwana biyu ina tunani, sai dabarar ta zo mini ina zaune a biro, har na ji zuciyata ta yi haske. Tunda ba a tafiya sai da dalili, to a ba tafiyar dalili. Zumunci. Wa zai tambayi matar da za ta gaida ƴar'uwarta? Na ɗauki takarda na jera gidajen danginmu da na ƙawayen Inna waɗanda ƙafa ke iya kaiwa, gida goma sha biyu, wasu cikin Birni, wasu can wajen unguwar Zango. Kowace rana gida ɗaya. Inna ta saurare ni, sannan ta ce wannan karon karatuna ya yi amfani.

Ban tsaya nan ba. Na kai wa shef dabarar a matsayin saƙon da ya dace da al'adarmu, na kuma rubuta masa jimlar da har yau nake jin kunyar yadda na so ta: ka kai ƙafarka gidan ɗan'uwa, ka gaishe shi, jikinka ma ya amsa. Ya karanta sau biyu, ya kira sauran abokan aiki ya karanta musu. Aka ɗauke ta a faifai da muryar wata mata mai zaƙin murya, aka raba wa gidajen rediyo. An ce har Garagumsa da Damagaram Takaya ana jin ta. Wata rana ina wucewa ta gaban wani shago na ji ta tana fitowa daga rediyon mai shagon, na rage tafiya don in ji ƙarshenta, kamar ban san yadda ta ƙare ba.

Wata biyu Inna tana zumunci. Ban taɓa ganin ta cikin walwala irin ta lokacin ba tun rasuwar Baba. Takan yi wanka da hantsi, ta turara kayanta, ta fita, ni ina biro. In na dawo in tarar da ita da labarai cike da baki: wadda ta haihu, wanda ya sayar da fili, wadda surukarta ta koma gidansu. Ina jin ta ina murmushi, ina ganin na haɗa magani da farin ciki a kwano ɗaya.

Ranar da muka koma awo, lokotoro ya dubi takardar ya daɗe bai ɗago ba. Sukarin ya hau fiye da ranar farko. Ya haska idon hagu, ya ce ya ƙara lalacewa. Ya tambaya ko tana shan magani, ta ce tana sha. Ko tana tafiya, ta ce kullum. Ko an gyara abincin gida, na ce da hannuna nake auna man. Duk gaskiya muka faɗa masa. Ya sake faɗin abin da ya faɗa da farko, amma wannan karon ni yake kallo.

Ranar Asabar na ce zan raka ta. Ta ce to.

Gidan wata ƙanwar Baba muka je, can wajen Zango. Tafiyar ta yi kyau, Inna tana takawa a hankali, tana amsa gaisuwa da cewa za ta gidan wance, ana ce mata ta gaishe su. Muna yin sallama matar gidan ta fito tana tafa hannu, tana tambaya wai da ƙafa Yaya ta zo, da ƙafa, a wannan rana. Nan take gidan ya motsa. Aka shimfiɗa sabuwar tabarma, aka aika shago. Kafin mu gama gaisawa an dire kwanon fura da nono, na ga lokacin da matar ta zuba sukari da ludayi ba da cokali ba, domin baƙuwar da ta tako da ƙafarta ba a yi mata rowa. Bayan fura sai lemun kwalba mai sanyi, sai alkaki a faranti, sai aka hura gawayi don shayi.

Inna ta ɗauki ludayi ta sha, ba ta dube ni ba. Da ta ajiye, matar ta ce ai ba ta sha komai ba, ko furar ba ta yi ba ne, ko an daina cin na talaka. Inna ta sake ɗauka. Na buɗe baki na ce Inna ta ƙoshi, mun ci abinci kafin mu fito. Kallon da ta yi mini da idon nan nata mai ciwo ya sa na haɗiye sauran. Ta sha shayi kofi na farko, da na biyu, da na uku, don ba a tashi a bar na uku. Da muka miƙe za mu tafi, ashe tuni an kira adaidaita yana jira a ƙofa. Matar ta ce in aka ji Yaya ta zo gidanta ta koma a ƙasa, ina za ta sa fuskarta. Ta cusa mana ƙullin dabino da nakiya a cinya.

Muka kama hanyar gida. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu ko ɗaya a cikin abin da na gani wanda ban sani ba. Ni kaina na sha dama wa baƙi fura, na sha jin Inna tana ce mini in ƙara sukari kada a ce mun yi ƙauro. A cikin wannan aka haife ni. Amma ranar da na zauna ina jera gidaje goma sha biyu, ƙafa kawai na gani da hanya. Na manta cewa kowace hanya a garin nan tana ƙarewa ne a kan tabarma, gaban kwano. Rabin tafiya nake sa ta yi, ta sha zaƙin gida guda, a dawo da ita a zaune. Kuma ga shi muryar matar nan ta rediyo tana ta faɗa wa jaha guda su yi haka.

A gida na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini ba.

"Ke kika ce in je gidan mutane," ta ce tana ninke mayafi. "Ana zuwa gidan mutane a ƙi shan ruwansu? In ce musu me, furarku ba ta yi mini ba?"

Na ce ta ce musu ba ta da lafiya, shi ke nan, kalma huɗu.

"Kin yi mini alkawari."

Na roƙe ta ranar, na roƙe ta washegari. Na ce to a daina zumuncin. Ta ce yanzu da aka saba ganin ta, in ta ɗauke ƙafa za a zo a tambaya, kuma sauran gidajen da ba ta koma ba za su ce ta zaɓi wasu. Ta ce za ta riƙa shan kaɗan. Na san babu kaɗan a gidajen nan.

Ranar wata Juma'a da hantsi na fito daga ɗaki na same ta a inda ta saba zama tana karatu, Alƙur'aninta mai manyan baƙaƙe a buɗe a kan cinya. Muryarta na tafiya daidai, ba gargada. Na tsaya ina saurare, sai na lura yatsanta yana wuri ɗaya, kuma ta wuce shafi biyu a baki ba ta juya ko ɗaya ba. Da ka take yi. Littafin riƙe shi kawai take, don kada in gane, ko don kada ita kanta ta gane. Na koma ɗaki na zauna a bakin gado har aka yi kiran salla.

Washegari na je wurin Hajiya. Ban leƙa ta katanga ba, na zagaya ta ƙofa na yi sallama kamar baƙuwa. Tana tankaɗe a tsakar gida. Ta dube ni ta ce wannan sallama ta mai neman aure ce ko ta mai kawo ƙara. Na zauna na faɗa mata komai, da ciwon, da idon, da alkawarin da nake karyawa a gabanta.

Ta ajiye rariya. Ta daɗe tana kallon garin da ke hannunta.

"Tun yaushe?"

Na ce wata biyar.

"Wata biyar ina miƙa mata abin da zai cinye mata ido, tana ce mini yaji ya yi yawa."

Na ce ba ita ke ci ba, ni ce.

Ta dube ni sama da ƙasa, dariya ta kufce mata hawaye na zuba. "Shi ya sa kumatun nan. Ni ina cewa ko biro ce ta karɓe ki."

Na roƙe ta kada maganar ta bazu, gidajen nan goma sha biyu kawai za a sanar a asirce, don su daina ba ta zaƙi. Ta ce ƴar nan, gida goma sha biyu ai gari ne. Ta karkaɗe zanenta, ko mayafi ba ta ɗauka ba, ta nufi gidanmu. Ni na zauna a tsakar gidanta ina jin su ta kan katanga. Hajiya ce ke faɗa, tana cewa shekara nawa suna tare, wace haihuwa ce ba ta riƙe ta ba, wace gawa ce ba su wanke tare ba, sai ciwo ne za a ɓoye mata. Ban ji muryar Inna ba ko sau ɗaya.

Abin da ta ji tsoro kuwa duk ya faru, bai rage komai ba. Cikin sati guda gidanmu ya cika da masu dubiya. Kowa da maganinsa: wannan garin hulba, waccan saiwar da aka kawo daga daji, wata ta ce surukinta da ganyen mangwaro ya warke. Suka riƙa zama a gabanta da murya ƙasa-ƙasa suna ya jiki, Allah ya sa kaffara ne. In ta tambayi labarin wance sai a ce ai lafiya lau, ke dai ki kula da kanki. Da aka tashi bikin ƴar telan unguwa, ba a aiko mata ta zo kan tukwane ba. Aka aiko mata da abinci a kwano, da saƙon cewa ta huta abinta. Ta buɗe kwanon, ta sunsuna, ta ce an ƙona albasa, ta rufe. Yinin ranar ba ta fito daga ɗaki ba.

Ba ta yi mini faɗa ba. Da ta yi da na fi samun sauƙi. Ta dai daina kira na Auta, ta daina madam lokotoro, sai ke. Ke, an kawo ruwa? Ke, rufe ƙofa. Makonni muna haka, muna cin farar miyarmu a kwano ɗaya. Zumuncin ma ta daina, ta ce ba za ta je a ba ta ruwan randa ana kallon ta kamar marainiya ba.

Kwanon Hajiya ya ci gaba da hayowa, amma ya sauya: tuwon dawa, danƙararren zogale da ƙuli kaɗan, wani lokaci dafaffen wake. Inna na ci, ba ta cewa ya yi ko bai yi ba. Sai wata safiya Hajiya ta shigo da kwando a hannu, ta ce za ta kasuwa sayen kayan ƙamshi, kuma kullum cutar ta ake yi, a ba ta tsohon sandal a ce sabo ne, tana son hancin da ya san abin. Inna ta ce hancinta ba na haya ba ne. Hajiya ta ce ai ba biya za ta yi ba. Suka yi ta yi har Inna ta jawo takalmanta. Mata biyu da kwando ba wanda ke tambayar su ina za su, kuma a kasuwa ba a shimfiɗa wa kowa tabarma. Tun daga ranar kusan kullum akwai abin da Hajiya ta manta ba ta sayo ba.

A biro na rubuta ƙarin jimla, wannan karon ga masu masauki: in baƙonka ya ce ruwa kawai zai sha, ba raini ba ne, ka ba shi ruwan, ka bar shi ya koma da ƙafarsa. Ba ta da daɗin ta farko, na sani. Na kai ta wani taro da aka yi da baƙi daga babban birni, na ba da labarin ba tare da na ce uwata ce ba. Shef ya ce magana ce mai kyau, sai dai an riga an ɗauki faifai an raba, sai zagaye na gaba. Ɗaya daga cikin baƙin ya tambaya ko akwai wannan a cikin takardar da aka aiko, aka ce babu, ya rubuta wani abu a littafinsa. Da aka tashi hutu aka shigo da lemun kwalba da fanke. Matar da ke rabawa ta girme ni nesa, ta miƙo mini da hannu biyu. Na karɓa na shanye. Jimlar tana nan a cikin dosiye, ƙunshin takardun biro, zagaye na gaba bai zo ba tukuna.

Bayan wata huɗu muka koma awo. Sukarin ya sauka, ba kamar yadda ake so ba, amma ya sauka. Lokotoro ya daɗe a kan idanun. Na hagu, ya ce, sai haƙuri, abin da yake gani yanzu haske ne da inuwa, kuma haka zai zauna. Na dama ya tsaya inda yake. In aka ci gaba a haka, yana fatan za ta riƙe shi.

Da muka fito na ɗaga hannu zan tsayar da adaidaita, ta ce in bari, rana ba ta yi zafi ba tukuna. Muka kama hanya. Mun yi nisa, ina jin numfashinta da ƙarar takalmanta a kan yashi. Sai da muka hango duwatsun Birni ta tsaya ta huta a gindin wani bango.

"Idon nan kin tsare mini shi," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ban ce ba ki tsare ba. Amma duk wanda na kalla da shi yanzu, tausayina yake ji. Ke ba ki san nauyin wannan ba, ba ki kai ba."

Na ce ta yafe mini.

"Ana yafewa," ta ce. "Ba yau ba dai."

Ta gyara mayafinta ta miƙe. Wani babur ya wuce mu a guje ta gefen titi har iskarsa ta kaɗa mata zane, ba ta gan shi ba sai da ya wuce.

"Ke, dawo ta nan ɓangaren. Ta nan ne ba na ganin masu zuwa."

Na zagaya na koma ta hagunta, muka ci gaba da tafiya.